Ranar da Ba a Kawo Baffanki Gida Ba

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Na saurari saƙon muryarki har sau uku. Ban amsa miki da murya ba don na san kuka zai ci ƙarfina tun ban kai rabi ba, shi ya sa na ɗauki biro da takarda irin na da. Ƙaninki zai buga miki shi a waya.

Kin ce mijin maƙwabciyarki a bariki ya rasu a bakin daga can wajen Barno, an yi masa sutura a Maiduguri, ita kuwa labarin bai iso ta ba sai bayan kwana shida. Matan bariki sun rabu: wasu na cewa takabarta daga ranar da aka faɗa mata za ta fara, wasu na cewa daga ranar da aka binne shi. Dangin mijin suna son ɗauke ta zuwa ƙauye, wata kuma ta ce ai ba a zaman makoki inda babu gawa. Sai kika rufe da cewa kin sha jin ƙishin-ƙishin irin wannan ya taɓa faruwa a gidanmu, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya ba ki labari.

Bari in fara ba ki amsar da take gaggawa, don ki kai mata tun yau. Takaba daga ranar da mijin ya cika take farawa. Kwana shidan nan da suka wuce ba ta sani ba, suna cikin lissafi, ba za ta rama su ba. Sauran maganar kuwa sai kin yi haƙuri da ni, don ba a makaranta na koye ta ba. A tsakar gidanmu na koye ta, a shekarar 1992, kina da 'yan watanni a duniya.

Baffanki da kike ganin hotonsa a falon matarsa, Mama ta Kawo, mai kakin nan da ɗan gashin baki, ƙanena ne da ke bi na. Ni na goye shi. A lokacin yana manjo, aka zaɓe shi ya je kwas a kwalejin horar da manyan hafsoshi da ke Jaji. Mun yi murna biyu. Ta farko, duk hafsan da ya gama wannan kwas hanya ta buɗe masa zuwa muƙami na gaba. Ta biyu, Jaji tana tsakanin Kaduna da Zariya ne, ga shi an dawo mana da shi kusa bayan shekaru yana yawon barikoki a kudu. Ya kama wa iyalinsa haya a Kawo, matarsa da 'ya'ya uku, ƙaraminsu yana da shekara huɗu. Ranar Juma'a in ya samu sarari sai ga shi a Zariya, ya zauna a ƙofar ɗakin Iya, kakarki, ya ci ɗumame da hannu kamar ba shi ne ake sara wa ba.

Da za a tafi da su Legas ganin yadda sojan ruwa ke aiki, wani ɓangare ne na karatun nasu, sai da ya zo sallama. Ku yaran yanzu kuna ganin wannan al'ada kamar ɓata lokaci, mutum ya shiga jirgi sannan ya turo saƙo wai ga shi a hanya. Mu a gidanmu ba a yin tafiya haka. Ya bi ɗaki-ɗaki, ya durƙusa gaban Iya ya ce a yafe masa, ta ce ba ka yi mini komai ba, Allah ya kiyaye hanya. Ya ja yayanmu gefe ya gaya masa akwai wani makaniki da ke bin sa kuɗin gyaran mota, in ya dawo zai biya. Iya ta ce ya taho mata da kwakwa, tsarabar Ikko, don ita har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce wa garin nan Legas ba.

Ranar Asabar, 26 ga Satumba, 1992, da yamma, suka hau jirgin sojan sama a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja za su dawo Kaduna. Jirgin irin wanda ake kira C-130 ne, ƙirar Amurka, mai inji huɗu da farfela, mai ƙatuwar ƙofa ta baya inda ake shigar da kaya har da mota. Irinsa ne ke jigilar sojojinmu zuwa Laberiya a wancan lokacin. Jirgin ɗaukar kaya ne da dakaru, ba shi da kujeru irin na jirgin Makka, a kan wasu maɗaurai ake zama a jere. Ya tashi ke nan sai inji ɗaya ya mutu, na biyu ya bi shi, sannan na uku. Wani tsohon sojan sama da ya zo mana gaisuwa ya yi wa mazan gidan bayani, ni ina jin su ta bayan zana. Ya ce babu lokacin da ya fi tashi haɗari ga jirgi: ga shi maƙare da mai da mutane, bai yi nisa da ƙasa ba, bai kuma gama ɗaukar gudu ba. In inji ya mutu a can sama, matuƙi yana da sararin dabara. In a wajen tashi ne, ƙasa tana nan kusa tana jira. Cikin kamar minti uku jirgin ya faɗa wata fadama mai taɓo a unguwar Ejigbo. Mutum fiye da 150 ne a ciki, akasarinsu manjo-manjo da takwarorinsu na ruwa da na sama, har da baƙin hafsoshi daga Gana da wasu ƙasashen Afirka da suka zo kwas ɗin. Ko mutum ɗaya bai fita ba.

Maganganu sun yi yawa daga baya a kan dalili, kowa da abin da yake faɗa a majalisa. Iya ta hana a yi su a gidanta, ni ma ba zan yi miki su a nan ba.

Mu ba mu san komai ba a daren. Babu wayar hannu a lokacin. Mama ta Kawo ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zuba nasa a samira ta rufe, ta ɗora a kan tebur. Da dare ya yi bai iso ba, ba ta damu ba, don an saba jirgin soja ya ce yau ya zama gobe. Washegari Lahadi ne magana ta fara yawo, sannan rediyo ya ɗauka. Kin san yadda ake kai labarin mutuwa a wurinmu. Ba a aiken yaro, ba a faɗa a tsaye. Dattijo ake samu ya je ya zauna, a gaisa, ya ce wane jikin nasa ya yi tsanani, a bar zuciya ta ɗan shirya, sannan a ce sai haƙuri. To rediyo bai san wannan ba. Mun ɓoye na Iya a ɗakina muka ce batir ya ƙare, ashe ta ji ta katangar maƙwabta. Ba ta ce mana komai ba. Ta yi alwala ta hau buzunta, ta juya mana baya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ban taɓa ganin irinsu ba. Mutum bai dawo ba, ba a kuma ce ga gawarsa ba. Jirgin ya nutse cikin taɓo, wurin ba ya shiguwa da mota, sai da aka yi kwanaki ana fama kafin a ciro mutane. Mu a Zariya ba mu san ko mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko kada mu shimfiɗa ba. Maƙwabta suna shigowa su rasa gaisuwar da za su yi. Ba dama a ce ya mai jiki, ba dama a ce ya haƙuri. Sai su tsuguna su ce, ya muka ji da wannan abu? Mu ce, sai addu'a. Samirar tuwon nan tana kan tebur a Kawo har ranar Litinin da na isa, ba wanda ya iya taɓa ta. Ni na ɗauke na wanke.

Da aka tabbatar babu wanda ya tsira, yayanmu ya je wurin malamin unguwarmu, wanda ya karantar da su duka tun suna riƙe allo. Tambayarsa ita ce irin ta matan barikinku: a yi zaman makoki babu gawa? Malam ya ce ta'aziyya ta masu rai ce, su ake ba haƙuri, kuma ga su nan a gida. Aka shimfiɗa tabarmi a ranar. Don haka wadda ta ce muku ba a zama inda babu gawa, ki gaya mata cikin ladabi ba haka ba ne. Da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, can ƙasar Sham, a can aka binne shi, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga wurin iyalinsa a Madina, ya kuma ce a dafa musu abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su.

Abin da ya fi ci wa Iya rai shi ne kabari. Mu mun saba in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi. A yi masa wanka a gida, a sa shi a likkafani, a ɗora a makara, maza su ɗauka, mata su bi shi da ido har zaure. Mako biyu kafin wannan, Shehu Abubakar Gumi ya rasu a Landan, ranar 11 ga Satumba, aka ɗauko shi a jirgi aka kawo Kaduna aka yi masa sutura. Iya ta riƙe wannan. Ta ce in an iya ɗauko mutum daga Ingila, me zai hana a ɗauko nata daga Ikko? Ta ce a kawo mata shi ko yaya yake, a kwantar da shi kusa da mahaifinsa.

Malam da kansa ya shigo cikin gida, abin da bai saba yi ba, ya zauna daga bakin ƙofa. Bai yi mata wa'azi mai tsawo ba. Ya tuna mata cewa ranar Uhudu wasu sun ɗauki 'yan uwansu za su kai Madina, aka ce a mayar da su a binne su inda suka faɗi, har ana sa mutum biyu ko uku a kabari ɗaya saboda yawansu. Ya ce mata jikin da ya kwana cikin ruwa da taɓo, suturarsa ita ce a gaggauta rufe shi, ba a yi ta yawo da shi gari-gari ba. Inda wanka ba zai yiwu ba ana kwarara ruwa, inda wannan ma ba zai yiwu ba ana yin taimama, kuma lalura tana halatta akwati ko da ba shi muka saba da shi ba. Sannan ya gaya mata abin da na ga ya sauko mata da numfashi: cewa wanda ruwa ya ci da wanda abu ya rufta wa suna cikin waɗanda hadisi ya ƙirga a shahidai, sai dai su ana yi musu wanka da salla, ba kamar wanda ya faɗi a fagen fama ba. Iya ta daɗe shiru, sannan ta ce, to Allah ya sa can ɗin ta fi masa nan.

A Abuja aka yi musu jana'iza ta bai ɗaya, lokacin mulkin Janar Babangida, ko shekara ba a yi da mayar da babban birni can ba. Maza suka tafi, mahaifinki yana cikinsu. Mu mata muna gida. Wasu samarin dangi sun so a yi masa sallar ga'ibi a masallacin unguwa, suna kafa hujja da wadda aka yi wa Najjashi sarkin Habasha. Malam ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ba a saba yin ta ba, balle wanda za a sallata a inda yake, amma bai zagi masu yi ba, kuma ba a yi rigima ba. Da yayanmu ya dawo, ya shigo da ƙura a ƙafa babu komai a hannunsa. Iya tambaya ɗaya ta yi masa: an yi masa salla? Ya ce an yi, Iya, ina cikin sahu. Ba ta ƙara tambayar komai ba, ko yadda wurin yake.

Yanzu ga maganar takaba, inda aka kai ruwa rana. Ƙanwar Iya, wadda muke kira Inna ta Tudun Wada, Allah ya jiƙanta, mace ce mai riƙo da abin da ta gada. Ta ce mutum bai mutu ba sai ƙasa ta rufe idonsa, don haka daga ranar jana'iza za a fara ƙirga. Wata kuma ta ce a'a, daga ranar da aka shimfiɗa tabarmi. Ba mugunta ta sa su ba. Duk rayuwarsu ranar mutuwa da ranar binnewa da ranar jin labari rana ɗaya ce, ba su taɓa ganin an raba su uku ba. Aka koma wurin malam. Ya karanto ayar da ke cikin Baƙara, cewa waɗanda suka rasu suka bar mata, matan su yi zaman jira wata huɗu da kwana goma. Ya ce ayar da rasuwa ta ɗaura abin, ba ta ambaci kabari ba, ba ta ambaci ɗan aike ba. Ya ce da a ce mace ba ta ji labari ba sai bayan wata biyar, to iddarta ta riga ta ƙare. Mai ciki kuwa nata lissafin daban ne, haihuwa ce ƙarshen iddarta, don haka ki tambayi maƙwabciyar taki a asirce ko tana da shigar ciki. Kuma da watan sama ake ƙirgawa, ba da kalandar Bature ba. Baffanki ya rasu a ƙarshen Rabi'ul Awwal, watan Mauludi, damina tana ban kwana. Mama ta Kawo ta fita a cikin goman farko na Sha'aban, hunturu ya kankama, azumi saura 'yan makonni.

Inna ta Tudun Wada ta haƙura da wannan, amma ta zo da sauran kayanta. Ta kawo wata 'yar wuƙa ta ce mai takaba ta riƙa riƙewa duk inda za ta, ko bayan gida ne. Ta ce wanka sai Juma'a zuwa Juma'a, kada ta ɗaga murya, kada ta yi sauri in tana tafiya. Yarinyar nan shekararta ashirin da takwas, ta rame ta zama kamar kara, tana karɓar duk abin da aka ce mata, don ba ta da ƙarfin musu. Ina kallo rannan Iya ta miƙa hannu ta zare wuƙar daga hannunta, ta sa a cikin kwandon albasa. Ta ce wa ƙanwarta, ɗana bai cuce ta yana raye ba, ba zai dawo ya tsorata ta ba. Daga ranar ba a sake maganar ba.

Ki riƙe abin da addini ya ce, ba shi da yawa. Ba kwalliya: ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba gwal, ba tufafin ado. Ta kwana a gidan da mijin ya bar ta. Ba ɗaurin aure, ba kuma wanda zai fito fili ya ce yana so. Amma ta yi wanka duk sanda ta ga dama, ta wanke kanta, ta yi magana da mutane, ta amsa waya. In lalura ta kama, asibiti ko wurin aiki ko wata takarda da sai ita, ta fita da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta. Duk abin da aka ƙara a kan wannan na wahalarwa, ba na jin kunyar cewa a ajiye shi. Mace da aka yi wa wannan rashi ba ta bukatar a ƙara mata da ƙazanta da tsoro.

Maganar ɗauke ta zuwa ƙauye kuwa, mu ma an yi ta. Dangi suka ce ta dawo Zariya cikin gida, ya za a bar yarinya ita kaɗai a gidan haya. Hukunci shi ne ta zauna inda take zaune ranar da ya rasu, sai in an tashe ta, ko kuɗin haya ya gagara, ko ana jin tsoro a kanta. Baffanki ya riga ya biya hayar shekara. Sai Iya ta yanke: ba ita za ta taso ba, mu za mu je. Na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa, daga baya na riƙa zuwa ina dawowa, ni da wata ƙanwar mahaifiyarta muna karɓa-karɓa. Ga maƙwabciyarki, in hukumar bariki ta bar ta a gidan har ta gama, to zamanta a nan ya fi, dangin mijin su turo mata tsohuwa. In an ce ta tashi, babu laifi a kanta, ta ƙarasa a inda ta koma.

Wannan zama da mai takaba, 'yata, shi ne abin da nake roƙonki kada ku bari ya mutu. Babu littafin da ya wajabta shi, iyayenmu ne suka ga ya dace, kuma sun yi gaskiya. Ranar uku gida cike yake, ranar bakwai haka, ranar arba'in a sake taruwa. Daga nan sai ɗif, kowa ya koma harkarsa, saura wata uku cur mace tana kallon bango. A nan ne abin yake cin mutum. Gidan nan na Kawo yana kusa da sansanin sojan sama na Mando, jirage suna wucewa ta kanmu. Duk sanda aka ji ƙugin mai farfela, ƙaramin yaron sai ya bar abin da yake yi ya ruga tsakar gida ya ɗaga kai. Ba ya cewa komai, kallo kawai yake har ya ɓace. Uwar kuma sai ta shige ɗaki ta kifa fuska a katifa. Ni aikina a lokacin in bi ta in zauna a bakin gadon ina tsince shinkafa. Ba na ce mata ki yi haƙuri, ta ji shi ya ishe ta. In ta ɗago ta ga mutum, shi ke nan. Akwai wata matar wani hafsa, Kirista ce daga wajen Filato, mijinta yana cikin jirgin shi ma. Takan zo da yamma da 'yarta, su zauna a tabarma ɗaya, wani lokaci har magariba ba wadda ta ce uffan.

Kin tambayi sadakar uku da bakwai da arba'in. A gidanmu akwai masu yi akwai masu cewa bidi'a ce, kuma a wancan lokacin gardamar tana da zafi ƙwarai, har wa da ƙani kan daina gaisawa. Ni ga inda na tsaya. Addu'a da sadaka suna isa ga mamaci kowace rana, ba sai an ƙirga ba. Abin da ba na so shi ne a juya abin, gidan da aka yi rashi su ne za su ci bashi su dafa wa jama'a. A namu, fiye da mako ba a hura wuta ba, kwanuka ne ke shigowa daga maƙwabta. Ranar arba'in Iya ta sa aka daka gumba aka soya waina, aka raba wa almajirai da maƙwabta, malamai suka yi addu'a a zaure, kafin hantsi an watse. Yanzu ina ganin ana kafa rumfa, a yi hayar kujeru, a buga hoton mamaci a jikin leda, marayu suna gefe ba a san me za su ci wata mai zuwa ba. Wannan kam raina ba ya so.

Bayan wasu makonni aka kawo akwatinsa na ƙarfe daga Jaji, da sunansa a rubuce da farin fenti. Littattafan kwas, kaki biyu a goge, darduma, da wani ɗan littafi da yake rubuta bashi. Makanikin nan yana ciki, daidai yadda ya gaya wa yayanmu. Shi aka fara biya kafin a taɓa komai, mutumin yana kuka yana cewa ya yafe, yayanmu ya ce karɓi, sauke masa nauyi za ka yi. Sannan aka raba gado: matar tumuni tunda akwai 'ya'ya, Iya sudusi, saura na yaran. A nan ki ja kunnen maƙwabciyarki. Soja yakan rubuta sunan wani a takardar aiki a matsayin wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Wannan suna na wanda zai karɓo ne, ba na wanda zai cinye ba. Abin da aka karɓo na magada ne duka. Ta adana takardunsa, kada ta ba kowa na asali, ta sa a yi mata kwafi. Bin haƙƙin mamaci tafiya ce mai nisa, Mama ta Kawo ta yi shekaru tana hawa mota a kansa, ita da sauran matan. Ke ma ki zaunar da naki maigidan cikin daɗin rai ki tambaye shi sunan wa ya rubuta, da wa yake bi, da wa ke bin sa. Tambayar ba ta kawo mutuwa.

Ranar fita takaba muka tashi da asuba. Ta yi wanka, aka yi mata kitso, aka sa mata lalle, Iya ta aiko da sabuwar atamfa da turare daga Zariya. Da ta sa kwalli ta dubi madubi sai ta fashe da kuka, muka bar ta ta yi mai isarta. Da la'asar na raka ta gida-gida tana yi wa waɗanda suka zo mata gaisuwa bangajiya. An yi mata maganar aure daga baya, har daga cikin dangi, ta ce a bar ta da yaranta, Iya ta ce kada wanda ya matsa mata. Wasu daga cikin matan sun yi aure, kuma ba su yi laifin komai ba. In lokacin maƙwabciyarki ya yi ta samu na kirki, kada ki bari matan bariki su sa ta a baki.

Iya ba ta taɓa ganin kabarin ba. Mahaifinki ya sha cewa zai kai ta Abuja, sai ta ce ƙafafunta, alhali ta je Makka bayan haka. Kwakwa kuwa ba ta ƙara ci ba, in an kawo tsaraba sai ta miƙa wa jikoki.

Gobe in Allah ya kai mu ki dafa abu mai ɗan ruwa-ruwa ki kai mata, don mai takaba ba ta iya haɗiye tuwo a makon farko. Ki nemi ainihin ranar da ya cika a wurin abokan aikinsa, ki duba ko nawa ga watan Musulunci ne, ki rubuta mata ranar fitarta a takarda ta ajiye. Ki kuma shirya da mata biyu ko uku ku raba kwanaki, musamman bayan arba'in.

Na gaya wa Mama ta Kawo kin yi tambaya. Ta ce in kun zo hutun Salla ki je ki same ta, akwatin yana nan ƙarƙashin gadonta, za ta buɗe miki. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yaran. Allah ya jiƙan Baffanki da abokan tafiyarsa, ya jiƙan mijin maƙwabciyarki, ya raya abin da suka bari.

Goggonki, daga Zariya.